Yatsan da Ya Dangwala a Tungar Maisaje

Shekaranjiya da la'asar ina ƙofar gida ina taya Kulu, matata, ɓarar gyaɗa, sai ga wasu samari uku 'yan unguwarmu da aka ɗauka aiki a sakatariya bana. Ɗayansu masinja aka ba shi, yana ta ƙunƙuni. Wai me ke cikin aikin ban da ka ɗauki ambulan nan ka ajiye can? Wai yanzu ma ba sai ka tashi ba, ka ɗauki hoton takarda ka tura ta waya, shi ke nan. Na yi dariya har gyaɗa ta zube. Ban ba su amsa ba, don an kira salla. Amma na ce bari in zauna in rubuta musu, ko da yake karatuna aji huɗu ne da ɗan abin da na tsinta a yaƙi da jahilci. Inda na karkace, mai ilimi ya miƙe.

Sunana Manu. Na yi aikin masinja har na yi ritaya a wata sakatariya ta bakin ruwa, nan ƙasar Yauri. Ba zan faɗi wacce ba. Ni mutumin gida ne tun asali. A bar ni da tabarmata da rediyona da mai taya ni hira, ba na neman komai. Sai Allah ya haɗa ni da aikin yawo, kuma yawon ma rabinsa kan ruwa, ni da ko wanka a gulbi ba na so.

Takardar farko da na kai, ba ni kaɗai na kai ta ba. Tare muka je da Baba Gado, tsohon masinjan da aka ce in bi in koyi aiki. Takardar tuhuma ce, wadda ma'aikata ke ce wa kwiri, ta wani malamin firamare can wajen Ngaski. Muka tarar ya fita gona. Matarsa ta leƙo ta ce, "Ku kawo in aje mishi." Na miƙa hannu ke nan, Baba Gado ya make mini shi da hularsa.

"Mi kaka yi?"

"Baba, ai matatai ce."

"Ita anka tuhuma? Zauna."

Muka zauna gindin mangwaro tun hantsi har bayan azahar. A zaman nan ya koya mini rabin aikin. Ya ce takardar tuhuma ba wasiƙar gaisuwa ba ce, agogo ce. Ranar da ta taɓa hannun mai ita, ranar take fara bugawa. An ba shi kwana uku ya amsa, to daga ranar ake ƙirga. In takardar kora ce, wa'adin da zai ɗaukaka ƙara daga ranar ake ƙirga. Ka ba matarsa ta sa ƙarƙashin katifa ta manta, ka cinye masa kwanakinsa bai sani ba. Ya ce abu uku ne: ka san fuskar mai takarda, ka sa ta a hannunsa, kuma a yi da mutum na uku yana gani, ko mai unguwa ne ko liman ko mai shayi.

Kayan aikin ba su da yawa. Jakar fata mai maɗauri biyu. Littafin sa hannu, dogo mai baƙin bango, inda ake rubuta lambar takarda da sunan mai ita da kwanan wata, ya sa hannu. Biro biyu, don ɗaya kan ƙi a lokacin da ba a so. Gwangwanin tawadar dangwale, saboda leburori da masu gadi da masu shara waɗanda ba su iya sa hannu ba. Sai leda mai kauri da ake naɗe littafin in za a shiga jirgi. Keke aka fara ba ni, daga baya babur. Littafin nan shi ne ran masinja. Jaka ta ɓata a saya wata, babur ya mutu a tura shi, amma littafi in ya ɓata, maganar mutum ɗari ta ɓata.

Wani direban motar shara na taɓa bi sati guda. Da ya hango jakata sai ya zura hannuwansa cikin aljihu ya ƙi fitarwa, wai tunda bai taɓa ba, ba ta kama shi ba. A tashar mota na same shi yana cin tuwo da hannu biyu-biyu, yana ganina ya tura su aljihu da miyarsu. Na kira sarkin tasha, na karanta masa lambar takardar a gabansa, na rubuta "ya ƙi karɓa", sarkin tasha ya sa hannu. Na ce masa, "Ɗan'uwa, ƙin karɓa ba ya tsai da ita. Karɓi ka amsa, shi ya fi maka." Akwai masu kuka. Akwai masu zaginka kamar kai ka rubuta. Akwai masu kawo maka fura don ka rubuta kwanan gobe maimakon na yau. Furar ina sha, kwanan wata ba na taɓawa.

Sauran rabin aikin a bakin ƙofa na koye shi. In kwamitin ladabtarwa zai zauna, masinja ke jera kujeru, ya kawo ruwa, ya tsaya ƙofa. Ba na iya karanta littafin dokokin aiki, Turancinsa ya fi ƙarfina, amma Allah ya ba ni kunne. Abin da na ji sau ɗaya ya zauna. A nan na ji cewa ba a korar ma'aikacin gwamnati da baki, sai an rubuta masa laifinsa. Sai an ba shi lokaci ya amsa a rubuce. Sai an kira shi gaban kwamiti an ji ta bakinsa, ya ga takardun da aka kafa hujja da su, ya kawo shaidunsa in yana da su. Wanda ya kai ƙararsa ba ya zama cikin masu yanke masa hukunci. In an yanke bai yarda ba, ya rubuta ɗaukaka ƙara zuwa hukumar da ke sama, ta hannun shugaban sashensa, ya riƙe kwafi mai hatimi a aljihunsa. In can ma ba a yi masa daidai ba, akwai kotun ma'aikata. Na ga waɗanda suka yi laifi ƙiri-ƙiri aka mai da su aiki don an tsallake mataki ɗaya. Na kuma ga masu gaskiya da suka tafi gida don sun yi fushi sun ƙi amsa takarda, ko sun zauna jiran wani babba ya sa baki har wa'adi ya wuce.

Shekarar da ta fi kowace muni a aikina ita ce shekarar da farin ruwa, wato cikar gulbi ta damina, ya yi yawa, bai ja ba har ya haɗu da baƙin ruwa mai zuwa da ɗari. Lokacin Baba Gado ya daɗe da rasuwa, ni kaɗai ke kai takardun ladabtarwa. Gonakin albasa na bakin tafki duk sun nutse, tungayen masunta da yawa sun tashi.

Wata safiya magatakarda ya miƙo mini ambulan: Malam Isiya, malamin asibitin sha-ka-tafi na Tungar Maisaje, wani gungu can tsakiyar ruwa. Laifinsa barin wurin aiki. Shugaban sashen lafiya ya je duba aiki ya tarar da asibiti a rufe. Ban san Malam Isiya ba. Daga wajen Shanga aka yi masa canji, ya wuce gungun kai tsaye, albashinsa ta banki, waya ba ta kamawa can. Abin da ya kamata in yi shi ne in buɗe fayil ɗinsa in dubi hotonsa. Ban duba ba. Na ce gungu guda, malamin asibiti guda, wa zan ruɗe da shi?

Na ɗauki shatar jirgin wani mai suna Na'Allah. Shi ma ba ɗan wannan ɓangaren ba ne, amma ya san hanya. Muka yi tafiyar da ta fi awa biyu, muna ratsa kainuwa da kawunan itatuwa. Rana na tsaka muka iso. Ya kashe inji, jirgi ya silala ya daki yashi.

Abin da na fara lura da shi shiru ne. Tungar masunta ba ta shiru da rana. Akwai daka, akwai kaji, akwai mata na faɗa kan kifi, akwai rediyo. Nan ba ko ɗaya. Ruwa ya shiga tsakanin bukkoki yana lasar ginshiƙai, ɗas, ɗas. Ramukan banda duk sun cika. Asibitin ne kawai ke kan ɗan tudu, ginin siminti ɗaki biyu, da taga mai ƙarafa.

"Taso mu tai, ka yi mini shaida," na ce da Na'Allah.

"Baba Manu, ni ba ni sauka garin da babu kaza."

"Ai minti biyar ne."

"To yi biyar ɗinka. Iska na tasowa bayan azahar, in ta taso ni da kai nan muka kwana."

Na naɗe wando na taka ruwa na hau tudun. Na yi sallama bakin taga. Sai aka amsa daga ciki. Murya ce mai kauri, a hankali, kamar mutum ya sa kai cikin randa yana magana. Ɗakin da duhu, ni kuma na fito daga hasken rana, ban ga komai ba sai fari-farin riga daga can ciki.

"Malam Isiya ne?"

"Kawo."

"Takardar ofis ce. Sai ka sa hannu."

Na zura ambulan ta ƙarafa, aka karɓa. Na buɗe littafi na miƙa biro. Ba a karɓi biro ba. Hannu ya fito ta tsakanin ƙarafan, babban yatsa a miƙe, yana jira. Na saba da wannan miƙon, na gan shi sau ɗari wurin leburori. Hannuna da kansa ya buɗe gwangwanin tawada. Ya dangwala, ya danna a littafi, ya koma ciki. Wurin ya ɗan jiƙe, na hura masa iska, na rubuta kwanan wata. Na ce, "Kwana uku anka ba ka, Malam." Na'Allah ya riga ya tada inji.

A hanya na ce wa kaina, bawan Allah, mutane sun gudu sun bar shi yana gadin maganin gwamnati, ga shi an ce ba ya wurin aiki. Zai amsa, magana ta mutu.

Bai amsa ba. Bayan sati biyu aka ba ni ta biyu, ta kiransa gaban kwamiti. Muka koma da Na'Allah. Ruwa ya ƙaru, yanzu har gwiwa kafin tudu. Shirun nan dai. Na yi sallama, muryar nan ta amsa kamar tun da na tafi tana tsaye wurin. Na ce, "Malam, ba ka amsa ta farko ba. Wagga kam ka zo, kada su yanke ba ka nan." Hannu ya fito. Dangwale. Na dawo.

Kwamiti ya zauna, kujerarsa ba kowa. Suka duba littafina, suka ga an kai masa sau biyu ya karɓa. Suka rubuta a kore shi, sama ta amince. Ni aka ba takardar korar.

A zuwa na uku ne, bayan an dangwala na rufe littafi, na ce bari in zagaya ta ƙofa in gan shi ido da ido, in gaya masa yana da damar ɗaukaka ƙara, kada ya yi sanya. Na zagaya. Ƙofar ƙarfe ce guda ɗaya, da ƙaton kwaɗo a rataye ta waje, ya yi tsatsa, gizo-gizo ya yi saƙa tsakaninsa da bango. Na zagaye ginin gaba ɗaya. Babu wata ƙofa. Na tsaya na kasa kunne. Ba tari, ba jan takalmi, ba motsin takarda. Ban koma tagar ba. Na shiga jirgi, Na'Allah ya dube ni ya ce, "Lahiya?" Na ce, "Ja mu tai."

Na mai da littafi ofis, aka rufe fayil. Ban gaya wa kowa zancen kwaɗo ba.

Kusan wata biyu bayan haka, ranar wata Asabar da hantsi, ina cikin gida ina gyara wa Kulu murhu, aka yi sallama a ƙofa. Murya siririya, mai sauri, irin ta mutumin da dariya ba ta yi masa nisa. Na fito na ga ɗan gajeren mutum da jakar leda.

"Kai ne Baba Manu masinja? Ni ne Isiya, na Tungar Maisaje."

Tun daga sallamar na san ba shi ba ne. Fuska ina iya mantawa, murya ba na mantawa.

Na shimfiɗa masa tabarma, Kulu ta kawo kunu. Ya ce albashi ne ya tsaya, ya zo jin dalili, aka ce ai an kore shi tun tuni, har wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce. Aka nuna masa littafina. Ya ce tun farkon cikar ruwa mutanen tungar suka kwashe suka koma wani tudu a ɗaya gaɓar, kamar yadda suka saba in ruwa ya yi yawa. Shi kuma ya ga asibiti ba gini ba ne, mutane ne, ya kwashe magani ya bi su, ya kafa rumfa. Ya rubuto wa ofis ta hannun wani mai sayen kifi, takardar ba ta iso ba. Kullum yana aiki, har haihuwa ya karɓa a rumfar.

"Baba, ni ban zo hwaɗa ba," ya ce. "Tambaya ɗaya gare ni. Ni da na yi makarantar kiwon lahiya shekara uku, mi za ya sa in dangwala awa mai gadi?"

Wannan tambayar ya kamata in yi wa kaina tun ranar farko a bakin taga.

Na gaya masa abin da kunnena ya tara. Na ce ya je wurin sakataren ƙungiyarsu su rubuta ɗaukaka ƙara, kada ya tsaya dogon labari, ya fara da cewa ba a taɓa ba shi takarda ko ɗaya ba, don haka wa'adi bai fara ƙirguwa a kansa ba. Ya bi ta hannun shugaban sashe ko da shi ya kai ƙararsa, ya tsaya sai an buga masa hatimi a kwafinsa, ya aika wani kwafin kai tsaye hukuma. Ya zo da littafin da yake rubuta marasa lafiya, ya zo da mai unguwa. Ya nemi a kira masinja.

"Masinjan ai kai ne."

"Na sani."

Da ya tafi Kulu ta ce, "In ka ce ba shi ka ba ba, mi za su yi maka?" Na ce za su ce na kai takarda ba shaida, ko su ce ni na dangwala da kaina don tsoron ruwa. Wannan kuwa ƙarya ce a littafin gwamnati, kora ce, saura mini shekara shida fansho. Ta ci gaba da tankaɗe, can ta ce, "To ka ci tuwo ka ƙoshi ranar. Mai yunwa shi ka kwana-kwana da magana."

Hukuma ta aiko mutum uku su saurari ƙarar a zauren sakatariyarmu. Shugabarsu wata Hajiya ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Da safe kafin su zauna shugaban sashen lafiya ya tare ni a baranda. Ba mugu ba ne, mutum ne da ba ya son a buɗe abin da ya rufe. Ya ce, "Manu, littahinka shi na shaida. Ka ce ka ba shi, ka koma ka zauna. Kada ka ja ma kanka." Na ce, "To, ranka shi daɗe."

Ni na jera kujerun da hannuna. Shugaban sashen ya shigo ya ja ɗaya ya zauna a teburinsu. Hajiya ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Kai ka kawo rahoto, ko? To wurinka na can, tare da shaidu." Ya tashi.

Ta ce kafin a taɓa maganar ko Malam Isiya ya bar aiki ko bai bari ba, sai an san ko ƙarar ta zo cikin lokaci. In an ba shi takarda ranar da littafi ya ce, ƙofa ta rufe, ba su da ikon saurarensa. Aka kira ni. Yau ni ne a ciki, ba a bakin ƙofa ba.

"Malam Manu, wanga rubutunka ne?"

"Nawa ne, Hajiya."

"Ka kai takardun nan uku?"

"Na kai."

"Dubi wanga mutum. Shi ka ba?"

"Ba shi ba ne."

Ta ce, "Ka ga fuskar wanda ka ba?" Na ce ban gani ba, muryarsa na ji, hannunsa na gani. Na faɗi sauran: shirun garin, tagar, rashin shaida, hoton da ban duba ba, da kwaɗon. Da na zo kan kwaɗo, Malam Isiya ya sa hannu aljihu ya ajiye mabuɗi a kan tebur. Ya ce shi ya kulle da hannunsa ranar da suka tashi, mabuɗin ɗaya ne, bai taɓa barin jikinsa ba.

Shugaban sashe ya ce daga inda yake, "Hajiya, a bayyane take. Bai sauka jirgi ba, shi ya dangwala abinai."

Aka kira Na'Allah. Ya shigo yana murza hula. Ya ce sau uku ya kai ni, sau uku na sauka na hau tudu. Ya gan ni tsaye bakin taga ina magana, ina miƙa littafi.

"Ka ji muryar wani ban da tashi?"

"Tashi kaɗai na ji."

"Ka ga hannu ya hito?"

"Hajiya, ban ce na gani ba, ban ce ban gani ba. Ni wurin nan ruwa nika kallo, don ban so in ga abin da za a zo ana tambayata."

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Hajiya ta ce in kawo gwangwanin tawadata. Ta sa aka kawo farar takarda, ta sa Malam Isiya ya dangwala dama da hagu, ni ma haka, Na'Allah ma haka. Cikin mutum ukun akwai wani tsohon ɗan sanda. Ya ɗauki littafin da takardar ya je bakin taga, ya daɗe yana dubawa. Ya dawo ya ce ukun da ke littafi na mutum ɗaya ne, kuma ba na kowa ba ne a cikinmu. Sai ya ƙara da cewa, a hankali, zanen yatsan ya tattare, irin na wanda ya daɗe da hannu cikin ruwa.

Hajiya ta rufe littafin ta ɗora hannu a kai. Ta ce ba a aiko su neman wanda ke cikin ɗaki ba. An aiko su su duba ko an ba wannan ma'aikaci damar kare kansa. Ba a ba shi ba.

Hukuncin ya zo a rubuce bayan 'yan makonni. An soke korar. An ce in ofis na da magana kan tashin da ya yi ba izini a rubuce, a sake ba shi takarda yadda ya kamata. Aka ba shi, ya amsa, ya kawo littafin marasa lafiya da mai unguwa, aka yi masa gargaɗi, magana ta ƙare. Ni kuma magatakarda ya kira ni ya miƙo mini ambulan yana kallon ƙasa. Sunana ne a kai. Tunda ba wani masinja, ni na shigar da ita littafina, na ba kaina, na sa hannu, magatakarda ya yi shaida. Na amsa cikin kwana biyu, na ce duk abin da aka rubuta haka ne. Ba a kore ni ba. An tsayar mini da ƙarin girma, da matakin da nake na yi ritaya.

Takardar mai da shi aiki ni na kai wa Malam Isiya a sabuwar tungar. Tun daga nesa na ji daka da kukan zakara da wata mata na ƙwala wa ɗiyarta kira. Na same shi a rumfa yana ɗaure wa wani masunci ƙafa. Aka kira mai unguwa. Malam Isiya ya wanke hannu, ya karanta takardar har ƙasa, ya duba kwanan wata, ya ja wani dogon sa hannu da ya ci layi biyu. Aka kawo mana gasasshen kifi.

Muna ci ya matso ya rage murya. "Baba Manu, shi wancan, duk zuwa ukun nan bai ce maka komi ba sai 'kawo'?"

Na ce a na ukun ya yi magana. Ban faɗa a zaure ba don ba a tambaye ni ba.

"Mi ya ce?"

"Da ya karɓi ta korar, ya ce, 'Ka hwaɗa musu ban yarda ba. Ina nan zuwa a ji ta bakina.'"

Malam Isiya ya ajiye kifin. Mai unguwa, wanda na ɗauka ba ya jinmu, ya goge baki ya ce, "To ai da gaskiyatai. Kun ba shi takarda." Bai ƙara ba, mu ma ba mu tambaye shi ba.

Na yi shekara shida bayan wannan ina tsaron ƙofar kwamiti. Duk ranar zama, in an sallami na ƙarshe, shugaba kan ɗaga kai ya ce, "Manu, akwai saura a waje?" Da can daga inda nake tsaye nake cewa babu. Tun daga shekarar nan sai na buɗe ƙofa na fita baranda, na dubi bencin tun daga wannan kai har wancan, na dubi simintin da ke ƙarƙashinsa ko a bushe yake, kafin in koma in ba shi amsa.